Bikon Lado da Sarƙar Ƙawanya

A Gummi, can bayan tasha, an yi wani mutum ana ce masa Lado. Ba za a kira shi malalaci ba, don bai taɓa zama haka kawai ba, kullum akwai abin da yake cikin lalatawa. Ya yi gyaran rediyo har rediyoyin unguwa suka yi shiru gaba ɗaya. Ya yi kiwon zabi, zabin suka gwammace daji. Shekarar da aka yi rububin zinariya ya tafi Bagega, ya leƙa rami ɗaya, ya ga zurfinsa, ya hau mota ya dawo gida. Abin da ya samo a tafiyar shi ne sunan da ya raɗa wa kansa: masanin ƙarfe.

Matarsa Habsu mace ce mai haƙuri, amma tana da abu ɗaya da ba a yi mata wasa da shi, wata sarƙar azurfa da ta gada wurin kakarta. Wata rana ta ga sarƙar ta yi duhu, ta ɗebo toka da lemon tsami za ta goge ta. Sai ga Lado.

"Toka? A gidan masanin ƙarfe? Kawo nan ki ga aiki."

Ya jiƙa ta a ruwan batir, ta ƙara baƙi. Ya ce ai sanyi ne ya kama ta, ya hura gawayi ya jefa ta ciki, ya yi ta fifita har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya tono ta, sai ga wani ɗan dunƙule kamar kashin akuya. Habsu ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu. Ta ɗauki mayafinta ta nufi tasha, sai gidan Innarta a Nasarawa Burkullu.

Da farko Lado ya riƙa cewa ganin gida ta tafi. Da tuwon maƙwabta ya fara zuwa da ƙanzo, sai ya tura kawunsa biko. Kawu ya dawo da saƙon Inna Atine, surukar Lado: ɗiya tana nan lafiya, kuma ba inda za ta sai an mayar mata da sarƙa a wuya.

Washegari Lado ya kai maganar teburin Jabiru mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ba ya raga masa ko kaɗan.

"To mi kake jira?" in ji Jabiru. "Hau mota ka je Gusau ka sawo wa baiwar Allah sarƙa."

"In sawo? Ni? Mutane su ce mi?"

"Su ce ka yi hankali. Za su yi mamaki, amma za su saba."

A gefen benci akwai wani direba, Lirwanu, yana latsa waya. Ya miƙo wa Lado ya ce ya duba wani abu. Hoton bidiyo ne na hannuwan wani mutum yana naɗa waya a jikin sandar ƙarfe, ya yanka naɗin ya zama 'yan ƙananan ƙawanyu, sannan ya riƙa sarƙa su, kowace ɗaya ta ratsa huɗu, har abin ya fito kamar saƙar sulke, yana malala a hannu kamar ruwa. Lado ya kalla zuwa tsakiya ya ture wayar.

"Na gane."

"Tsaya mana, yanzu zai nuna yadda ake rufe bakinsu," in ji Lirwanu.

"Shi zai koya mini rufe baki?"

"Da an samu wanda zai koya maka, da mun huta," in ji Jabiru, yana fifita shayi tsakanin kofuna.

Kafin azahar duk bayan tasha ta san Lado zai yi wa Habsu sarƙar da ba a taɓa gani ba daga Anka har Sakkwato. Ya kwance tsohuwar fanka ya zare jan ƙarfen cikinta. Ya samo ƙonannen janareto ya yashe shi tas. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, inda kowa zai gan shi, ya jera doguwar ƙusa da filaya da almakashin yankan kwanon rufi. Naɗin waya bai ba shi wahala ba. Wurin yanka ne aka fara samun labari. Duk ƙawanyar da almakashi ya datse sai ta yi tsalle, wata ta faɗa kwata, wata ta haura katanga. Wata ta sami liman a kunne yana wucewa, ya tsaya ya yi ta neman wanda ya jefe shi.

Waɗanda suka tsaya a kan buhu kuwa, bakinsu ya fito a tsinke da kaifi kamar ƙayar kifi. In zai sarƙa su, sai ya kama gefe da gefe ya buɗe su kamar mai buɗe bakin jaka, in ya mayar ba sa haɗuwa, sai su bar 'yar kafa. Lado ya duba kafar ya ce ba komai, ƙarfe ma yana son iska.

Ana haka jan ƙarfe ya ƙare. Da safe Dije maƙwabciyarsa ta fito da wanki ta tarar babu wayar shanya. Ta leƙo ta kan katanga ta gan ta naɗe a jikin ƙusa.

"Malam Lado, a kan mi zan yi shanya?"

"Dije, ki gode Allah. Wayarki za ta hau wuyan mutane."

"Ni da kai za ta fara hawa naka."

Bai gama da wannan ba sai ga ta kuma da yamma, riƙe da ƙundun kaza a faranti. Ta yanka kazarta don baƙi, ta tsaga ƙundu, ta iske ƙawanyu cike, har wasu sun sarƙe da juna.

Lado ya ɗaga su ya duba da kyau. "Kin gani? Ko a cikin kaza aikina haɗuwa yake."

"Nata ya fi naka kyau," in ji Dije. "Da ita ka ba kwangilar."

Da ya haɗa munduwa ta farko ya sa a hannunsa ya tafi teburin shayi, yana ta miƙa hannu ɗaukar abin da ba nasa ba don a gani. Ba laifi, daga nesa tana ƙyalli. Da ya zo cirewa sai ta tafi da gashin hannunsa, ya cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa.

"Ta cije ka?" in ji Jabiru.

"Riƙo ke nan. Ɓarawo ba shi fizge wagga."

"Ko mai ita ba shi cire ta. To wanga koren da ta bari a hannunka fa?"

Lado ya duba. Inda munduwar ta zauna ya yi kore shar, kamar an shafa masa kuka.

"Magani ne. Jan ƙarfe yana tsotse sanyin ƙashi. Wanda bai je Bagega ba ina zai sani?"

"Kai ma bakin ramin ka sani."

A cikin kwanakin nan labari ya zo cewa Kausar, ƙanwar Habsu, ta haihu a gidan Inna, za a yi suna. Mai hankali da sai ya lallaɓa bayan taro ya watse, ya miƙa sarƙarsa a ɓoye. Lado kuwa ya ce Allah ne ya tara masa 'yan kallo. Ba Habsu kaɗai ba, duk matan gidan sai sun sa aikinsa: sarƙa mai faɗin tafin hannu ta Habsu, munduwa bibbiyu ta Inna da gwaggonni, har da mai jego da ƙawayenta. Ya duƙufa, yatsunsa suka yi kanta, kajin unguwa suka yi nauyi. Ranar suna ya ari babbar rigar auren Jabiru mai aiki har ƙasa, shi kuma Jabiru ya ce ƙafarsa ƙafar rigarsa, ya goya shi a babur suka kama hanya.

Sun isa an riga an raɗa suna, maza suna zaune a rumfa a ƙofar gida. Lado ya aika a kira masa Gwaggo Saratu, ƙanwar mahaifin Habsu, mace mai son a ce ita ta fara. Ta fito zaure, ya buɗe mata kwalla.

"Gwaggo, wanga aikin hannuna ne. A raba. Babbar ta mai ɗakina ce."

Saratu ta ga ƙyalli, ta zura biyu a hannunta tun kafin ta juya. Ta shiga ciki tana guɗa.

Ranar matan gidan sun yi ankon wani leshi ruwan ƙwai, mai huda-huda kamar rariya, sabo fil daga wurin tela. Kowa ta karɓi rabonta ta sa. Inna Atine ta juya tata munduwar ta ce ba ta yarda da ita ba, amma don kada a ce ta ƙi kyautar suruki a gaban mutane, ta zura. Habsu ta ce ita ba za ta sa ba. Gwaggo ta ce ba a mayar da biko ba a gwada ba, ta ɗaura mata da kanta.

Rana ta take, aka kafa kiɗan ƙwarya, mata suka shiga fili. Gumi ya fara aikinsa. Wata ta dubi wuyan Habsu ta tambaye ta ko sabon lalle ne aka fito da shi a Gummi. Kafin Habsu ta amsa, Gwaggo Saratu ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, hannun ya ƙi saukowa. Munduwa ta kama ɗankwali, ta kama kitson da ke ƙarƙashinsa. Ta tsaya hannu a ka kamar mai jin mummunan labari.

"Ke Binta, zo ki cire mini abin nan."

Binta, aminiyar mai jego, ta zo ta sa hannu, tata munduwar ta kama hannun rigar Gwaggo. Wata ta zo ceton Binta, ta maƙale a kafaɗarta. Habsu ta sunkuya za ta taimaka, sarƙarta ta cafke mayafin ta kusa da ita. Inna ta taso daga kan tabarma tana faɗa, ta ce duk sakarci ne, su matsa ta nuna musu. Ta kama mayafin da hannun dama, ta dafa Gwaggo da na hagu, shi ke nan ita ma ta shiga sahu. Kafin masu kiɗa su ankara, matan gidan sun zama abu ɗaya, sun kewaye turmi, in ta gabas ta motsa sai ta yamma ta yi ƙara. Wata akuya ta lura babu mai hannun kora, ta sa kai cikin kwanon waina tana ci a natse.

A waje Lado yana tsakiyar rumfa, ya baza riga, yana ba dattawa labarin yadda ake gane ƙarfe da ɗanɗano. Hayaniyar cikin gida ta iso.

"Kun ji ko?" ya ce. "Rububi suke. Na san ba za su isa ba."

"Wanga bai yi kama da kukan daɗi ba," in ji Jabiru.

Sai ga Malam Sanusi, mahaifin Habsu, ya fito daga zaure yana goge fuska, ba a san ko dariya yake ɓoyewa ko takaici ba.

"Lado, ka zo da abin aikinka?"

"Baba, masanin ƙarfe ba shi tafiya ba filaya."

"To shiga. Na yi maka izini. Allah shi ba ka sa'a."

Tun da aka ɗaura auren Lado bai taɓa haɗa ido da Inna Atine ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ta amsa daga bayan labule. Yau ga shi a tsakar gida, ga Inna a tsakiyar sarƙa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa idonsa a ƙasa.

"Ina wuni, Inna. An raɗa suna lafiya?"

Inna ta dubi bango. "Saratu, ki ce masa lafiya lau. Ki ce masa mun gode da kyauta, ga mu cikinta."

"Ya ji," in ji Gwaggo, hannu a ka. "Kai, taso ka sake mu, kitsona zai tsinke."

Lado ya matso da gwiwa. Da yake kunya ta hana shi ɗaga kai, sai ya riƙa laluben ƙawanyu da filaya, duk wadda ya kama ya matse. Haka ya bi layi yana matsewa, yana cewa saura kaɗan. Binta ce ta fara lura.

"Gwaggo, ba buɗewa yake ba. Rufe su yake a kan leshin."

Habsu ta yi magana wuyanta a karkace. "Malam, duk kwanakin nan ba ka rufe bakinsu ba sai yau?"

"Ki bari, dabara ce. Sai an rufe ake sanin ta inda za a buɗe."

Ya miƙa hannu zai kama ta gaba, faffaɗan hannun babbar riga ya share munduwar Inna. Aikin zaren rigar da bakin ƙawanyu suka gaisa. Lado ya ji an riƙe shi, ya saci kallo ta gefen ido, ya ga hannun wa ke jikin rigarsa. Kunya ta ɗebe shi, ya zabura baya da ƙarfinsa. Inna ta biyo shi, Gwaggo ta biyo Inna, sauran suka biyo Gwaggo, turmi ya faɗi ya ture tukunyar kunu. Akuya ta ɗaga kai ta duba, ta koma kan waina.

Da ƙura ta lafa, Lado yana zaune cikin kunu, tsakaninsa da surukarsa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ga hanya ɗaya ce ta rage, ya sulale daga cikin rigar ya bar musu ita. Ya tura kai ciki, ya kai rabi, sai ya tuna abin da ke ƙasa wata singileti ce da ɓeraye suka riga shi sawa. Fita ba dama, komawa ba dama, don wuyan rigar ma ya kama mayafin wata. Ya tsaya a ciki kamar kaza a buhu.

"Saratu," in ji Inna, har yanzu tana duban bango, "ki tambayi mai rigar nan ko nan zai kwana."

Murya ta fito daga cikin riga. "Gwaggo, a ce wa Inna ta yi haƙuri, ƙarfen ne bai saba da leshi ba."

"Ki ce masa mu ma ba mu saba da shi ba."

"Ni kun ishe ni da aike," in ji Gwaggo. "Ga ku nan kamar goro biyu a ganye ɗaya. A kawo almakashi."

Masu kiɗa, da yake su ba a ba su kyautar ba, su suka yi aikin ceto. Suka bi mata ɗaya bayan ɗaya suna yanke leshi. Wata ta rasa hannun riga, wata ta sami taga a kafaɗa, Gwaggo ta rasa ɗankwali da jelar kitso biyu. Da aka zo kan babbar riga, Jabiru ya leƙo daga zaure.

"Kada ku taɓa rigar. Ku yanke shi, ku bar rigar."

Ba wanda ya saurare shi. Aka datse hannun rigar tun daga kafaɗa, aka bar shi yana lilo a munduwar Inna. Mata suka tsaya suna duban juna, kowa da huda a sabon anko da koren zobe a hannu. Yaran unguwa sun cika kan katanga, maza a zaure suna tari irin na mai danne dariya.

Lado ya fito da kai daga riga, kunu yana ɗiga daga gemunsa. Ya gyara durƙuso, ya sake kafa ido a ƙasa.

"Gwaggo, a shaida wa Inna wanga gwaji ne. Yanzu na gano inda matsalar take. Zan koma in sake sabo, in kawo da kaina. Har jariri zan yi wa na ƙafa."

Mai jego ta ruga ɗaki ta rufo ƙofa. Inna Atine ta dubi ɗiyarta, ta dubi tsakar gidanta.

"Ke, shiga ki ɗauko kayanki."

"Inna, ni ban huce ba," in ji Habsu.

"Ki huce a hanya. Muddin kina gidan nan, bawan Allah nan zai yi ta kawo biko, mu kuwa tufafinmu sun ƙare. Ki je ki zauna kusa da shi, ki riƙa ganin abin da hannunsa ke taɓawa. Lada za ki samu."

Malam Sanusi daga zaure ya ce shi ma bai ga wata mafita ba.

Da la'asar aka sa su a motar Gummi, don Jabiru ya ce babur ɗinsa ba ya ɗaukar mai riga hannu ɗaya. Habsu ta zauna jikin taga da ƙullin zannuwanta a cinya, wuyanta kore, ba ta ko dubi mijin ba. Lado ya jure shiru har suka wuce gonakin bakin gari, daga nan ya kasa.

"Kin ga dai abin da na faɗa ya tabbata. Na ce da aikin hannuna zan maido ki."

"Haka ne."

Ya laluba aljihu, ya sake lalubawa. "Ina filayata?"

"Tana wurin Inna. Ta ce in kana so ka je ka karɓa da kanka, hannu da hannu."

Lado ya juya taga yana kallon dawa tana wucewa. Can ya gyara zama, ya ɗaga guntun hannun rigar yana duba bakin yankan.

"Dama ƙarfe ya fita raina," ya ce. "Kin ga ɗinkin nan? Duk telolin Gummi ba su iya komai ba. Gobe zan aro keken ɗinki."

Habsu ta sauke ƙullin zannuwanta daga cinya, ta tura shi ƙarƙashin kujera, ta ɗora ƙafafunta biyu a kai.